Bunsurun da Ya Tsallake Haddi

Baka ɗaya, naɗe cikin bargo. Kibiya shida. Wuƙa. Igiya. Jarka biyu ta ruwa. Gurasar tamis huɗu, dabino, fulas ɗin shayi. Darduma ɗaya.

Abin da ke bayan motar ke nan sa'adda suka sauka daga kwalta suka kama hanyar tsakuwa. Sun yi asuba a masallacin wani gidan mai. Yanzu gari ya fara wayewa, baƙaƙen duwatsu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ta gilashin gaba, ba ciyawa, ba hayaƙin gida. Rakan ke tuƙi. Sabitu na gefensa, ya sauke gilashi yana shaƙar iska don ya san ta inda take busowa.

"Abu Kausar, rufe mana, ƙura," in ji Rakan. "Ko warin naman kake ji tun daga nan?"

"Warin turarenka nake ji. Na ce kada ka shafa."

"Ɗan kaɗan ne, wallahi."

"Ɗan kaɗan ɗin nan, dabba za ta ji shi daga Jidda."

Sabitu shekararsa hamsin da uku. Goma sha huɗu daga ciki ya yi su yana gadin wani bene mai hawa bakwai a unguwar Tandabawi ta Makka, yana kunna injin ruwa, yana wanke matakala, yana karɓar makullan alhazai. Kafin nan maharbi ne a dajin Burra ta ƙasar Ningi, kamar ubansa. Rakan ƙanen matarsa Batulu ne. Kakansu ya zo hajji da ƙafa daga Kano bai koma ba, jikokin suka tashi da Larabci a baki, Hausa sai a cikin gida. Rakan na da shagon waya a titin Mansur, da 'ya'ya uku, da tumbi. Tun ranar ɗaurin aure suke tsokanar juna. Abu Kausar yake kiran Sabitu, wato baban Kausar, da sunan 'yarsa.

Bakan na Rakan ne. Daga Turkiyya ya sayo shi, gajere, kunnuwansa biyu sun lanƙwasa gaba, ba kamar doguwar sandar da Sabitu ya sani ba. Shi da abokansa biyar sukan kama wani shinge a bayan gari duk yammacin Alhamis, su jingina kwali a bango su yi ta harbi, suna cewa su ne na farko da suka dawo da baka Makka. Ko ƙadangare babu wanda ya taɓa kashewa a cikinsu. Wata rana Sabitu ya bi su shan shayi, aka miƙa masa bakan don a samu na dariya. Ya ja sau ɗaya ya ji ƙarfinsa, ya jera kibiya uku a wurin da tafin hannu zai rufe. Ya mayar musu da kayansu ya koma kan shayinsa. Daga ranar Rakan bai bar shi ya huta ba.

Sai ga labarin Idris, wani makiyayi ɗan Nijar da ke sayen kati a shagon. Ya ce akwai wani tsohon bunsurun dutse, wanda Larabawa ke kira wa'al, yana saukowa da sassafe ya lashi gishirin awakinsa. Shi kaɗai, ba garke. Ƙahoninsa sun kusa taɓa gadon baya. Ana cewa irinsu sun kusa ƙarewa a wannan yanki, kuma hukuma ta hana taɓa su. Sabitu ya san da haka. Sau uku yana cewa a'a. A na huɗu ya tambaya ko bunsurun ya yi furfura a gemu.

Idris ya tashi da awakinsa tun makon jiya. Shingen garken ne kawai ya rage, da busasshen kwami, da dunƙulen gishiri da harsuna suka ƙwaƙule. Suka ɓoye motar bayan wani dutse. Rakan ya warware bargon, ya zaro kibiya ɗaya ya riƙe ta a gaban fuskar Sabitu. Doguwa ce mai nauyi, da gashin tsuntsu a gindi, bakinta faffaɗa mai kaifi biyu.

"Saurara, ya Abu Kausar. Wannan ba dafi. Kaifi ne kawai. Bayan kafaɗa za ka sa, nan, ta shiga huhu. In ba nan ba, ba ta kisa."

"Yau kai ne za ka koya mini harbi."

"A bidiyo na gani."

"To bidiyon ya zo ya ja bakan."

A Burra kibiya kyauro ce, ba nauyi, ba gashi. Ba ita ke kisa ba, dafin da ke bakinta ne. Saboda haka maharbi ba ya neman haƙarƙari, inda ƙashi zai iya mayar da ita. Cinya yake nema, wurin tsoka da jini, inda dafi zai hau da sauri. Ya harba, ya zauna ya ɓare goro, sannan ya tashi ya bi sawu. Da wuya naman ya wuce taku ɗari uku. Sabitu ya yi shekara ashirin da wani abu yana haka.

Rakan ya nuna gangare da haɓa. Kwazazzabon ya sauka yamma, can inda ya buɗe akwai fararen ginshiƙai biyu, ɗaya a kowane gefe, wasu kuma sun hau tsauni a jere har ido ya daina ganinsu.

"Haddin Harami ke nan. Daga can ciki ba farauta, ko ƙaya ba a cirewa. Mu nan waje muke."

Sabitu ya auna da ido. Taku ɗari bakwai, ko fiye. Ya ninka ɗari uku har da saura.

"Ya isa," ya ce.

Suka kwanta bayan wani dutse mai tsagi, taku ashirin da biyar daga gishirin, iska na bugun fuskarsu. Sabitu ya cire takalmi. Ya ɗebi ƙasar garken mai kashin awaki ya goga a rigarsa, ya goga a ta Rakan. Rakan ya yamutsa fuska.

Rana ta taɓa kan tsaunin da ke gabansu ta fara saukowa. Ƙudaje suka same su. Ƙafar Sabitu ta hagu ta mutu, ya bar ta a haka. Ya manta da wannan ɓangare na sana'ar, zaman da ba motsi, da yadda zuciya ke bugawa a cikin kunne. Rakan ya duba agogo sau biyu. A na uku Sabitu ya danne masa wuyan hannu bai sake ba.

Wata tsakuwa ta gangaro daga sama, ta tsaya.

Sabitu bai ɗaga kai ba, ido kawai ya ɗaga. Bunsurun na tsaye a kan wani leɓen dutse kamar tun jiya yake wurin. Launin ƙasa ne, ƙafafu baƙi da fari, gemu dogo da ya soma toka. Ƙahonin sun tashi sun lanƙwasa baya, gaɓa-gaɓa, na hagu ya gutsure a tsini. Ya fi minti goma a tsaye yana kallon garken, ko kunne bai kaɗa ba.

Ya sauko taku biyar, ya tsaya. Ya ƙara uku. Ya juya kamar zai koma, Sabitu ya ji Rakan ya ɗauke numfashi. Sannan ya diro ƙasa, ya zagayo gishirin, ya ɗaga hanci. Warin awaki ya ji. Ya sunkuya.

Ya ba su gefensa gaba ɗaya, daga kafaɗa har wutsiya.

Sabitu ya ja tsirkiya a hankali har yatsunsa suka taɓa gefen bakinsa. Idonsa na bayan kafaɗa, inda aka ce. Yana ganin gashin wurin yana tashi yana sauka da numfashi. Sai bunsurun ya ɗaga ƙafar baya don ya kori ƙuda, tsokar cinyar ta murɗa a cikin rana, cikakkiya, ga ta nan kusa. Hannun hagu ya bi ta da kansa, yadda ya saba bin ta a Burra. Yatsun dama suka saki.

Ya sani tun kibiyar na cikin iska.

Ta shiga da ƙara kamar an doki katifa. Bunsurun ya yi tsalle ya nufi tsauni, ya kama leɓen dutsen da ƙafafun gaba, ta bayan ta ƙi bin sa. Ya zame. Ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Sai ya juya ya bi gangare yana jan ƙafa, gashin kibiyar na rawa a gefensa.

Rakan ya miƙe, waya a hannu. "Ka same shi. Wallahi ka same shi, ya shehi. Ina ka sa masa?"

Sabitu na kallon hannunsa na hagu.

"Abu Kausar. Ina ka sa?"

"Cinya."

"Cinya." Rakan ya sauke wayar. "Na ce huhu, ka ji cinya."

"Huhu na ji."

Bunsurun dutse in ya tsorata sama yake yi. Wannan ba zai iya ba, kuma ƙasa hanya ɗaya ce. Sabitu ya ce su dakata, kada su ƙara tura shi, ko zai kwanta a kusa. Suka dakata kamar rabin awa. Sannan ya sa takalmi ya bi jinin, Rakan na bayansa yana haki.

Jinin ba shi da yawa. Ɗigo a kan dutse, ɗigo a kan yashi, da layin da kofaton baya ya ja. Sabitu na ƙirga taku a zuciya. A ɗari uku ya kama kansa yana duba gefe da gefe yana neman gawa. Babu. Ɗari huɗu. A ɗari biyar ya ga inda ya kwanta ya sake tashi. A ɗari bakwai ya daina ƙirgawa, don ginshiƙan sun riga sun tsaya a gabansa, sun fi mutum tsawo, fentinsu ya soma ɓarewa. Ɗigon jinin ya bi ta gindin na dama ya wuce.

Can ciki akwai wata bishiyar ƙaya mai 'yar inuwa. Bunsurun na kwance a ƙarƙashinta, kai a sama, yana kallonsu. Taku arba'in. Sabitu ya taɓa kayar da gada a fiye da haka.

Ya ɗana kibiya.

"La', a'a," in ji Rakan. Ya zagayo ya tsaya a gabansa. "La', Abu Kausar. Haddi."

"Ƙafata na waje."

"Shi yana ciki."

"A waje na harbe shi. Nawa ne tun can. Ƙarasawa kawai zan yi."

"Ni a garin nan aka haife ni. Kakana da sanda ya bi ni don na jefi tantabara a Tandabawi, ban ma same ta ba. Ba za ka harba kibiyata cikin Harami ina tsaye ba."

"Matsa, Rakan."

"Sai dai ka fara da ni. Ga tumbi, ba za ka kuskure ba."

Sabitu ya tsaya da bakan rabin ja. A Burra, maharbin da ya bar kibiyarsa a jikin dabba mai rai ya koma gida ya kwanta, Sarkin Baka kan aiko a yanke masa tsirkiya. Ya ga an yi wa wani haka a bakin kasuwa, magidanci mai 'ya'ya, ba wanda ya yi magana. Shi kansa ya taɓa bin gwanki kwana biyu da dafi ya tsufa, yana shan ruwan kududdufi, har ya cim masa. Bai taɓa barin ko ɗaya ba. Ya sassauta tsirkiyar.

"To mu jefe shi da tsakuwa ta can baya," in ji Rakan, muryarsa ta sauko. "Ya fito, ka ƙarasa."

"Ba a korar su ma. Liman ya faɗa, ina wurin."

"Sahih." Rakan ya goge fuska. "Sahih, ba a kora."

Babu layi a cikin kwazazzabon. Rakan ya hau wani tudu yana ɗaga waya sama har ya samu, ya kira Malam Isa, wanda ke karantar da fiƙihu a unguwarsu bayan la'asar. Sabitu na jin rabin maganar daga ƙasa, Larabci da Hausa a gauraye, da "na'am, Malam" sau da yawa. Ya sauko yana zufa.

"Me ya ce?"

"Ya ce me ya kai mu."

"Bayan wannan."

"Ya ce kada mu taɓa shi, kada mu tayar da shi. In ya fito da ƙafarsa, tsakaninmu da hukuma ne. Muddin yana ciki, baƙon Allah ne. Ya ce in gaishe ka, kuma yana son ganinka."

Rakan ya koma ya zagayo da motar ta wani busasshen rafi, ya tsayar da ita nesa kaɗan da ginshiƙan don su samu inuwa. Rana ta kai tsaka. Duwatsun suka fara mayar da zafi kamar tanda. Suka yi azahar a kan darduma ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, don kada a ɗauke ido daga bishiyar. Tamis ɗin ya bushe a cikin takarda, ba wanda ya taɓa shi. Hankaki biyu suka zo suka sauka a kan ginshiƙin hagu.

Bunsurun ya sauke kai ƙasa, ya sake ɗagawa. Sau ɗaya ya juya ya kai baki ga kibiyar, ya fasa. Bakinsa a buɗe yake.

"Ƙishi," in ji Sabitu.

Ya ɗauko jarka ɗaya, ya yanke samanta da wuƙa. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga. Iska ta juya tun hantsi, yanzu daga waje take shiga ciki. Ya ajiye ruwan taku biyar a wajen ginshiƙan, ya watsa kaɗan a kan dutse mai zafi don wari ya tashi. Sannan ya ja Rakan gefe, bayan wani dutse, inda iska ba za ta ɗauki warinsu ba.

"Wannan ba kora ba ce?" Rakan ya yi raɗa.

"Ban kore shi ba. Ruwa na ajiye."

"Dabara ce dai."

"Dabara ce."

Sun daɗe. Inuwar ginshiƙin ta matsa kamar tsawon hannu kafin hancin bunsurun ya fara motsi. Ya tura ƙafafun gaba, ya yunƙura, ya faɗi. Ya sake. A na uku ya tsaya a kan ƙafa uku, ta huɗun na lilo. Ya yi taku ɗaya.

Sabitu ya ɗana kibiya. Wannan karon ya danne gwiwar hannunsa ta hagu a jikin dutsen, don kada ta je ko'ina.

Saura talatin. Bunsurun ya tsaya ya huta, kai a ƙasa, ƙahonin sun yi masa nauyi. Saura ashirin. Ana jin numfashinsa yanzu, kamar ana goga ƙarfe a kan dutse. Rakan na motsa leɓe ba sauti. Saura goma. Takwas. Sabitu ya ja tsirkiya, ya kafe ido bayan kafaɗa, yana jiran kofaton baya ya wuce gindin ginshiƙi.

Bunsurun ya ɗaga kai. Ba su yake kallo ba, sama da su yake kallo.

Karnuka ne. Huɗu, jajaye, ramammu, irin waɗanda ke bin garken makiyaya suna cin mushe. Jinin suka biyo tun daga gishirin, hanci a ƙasa, ba haushi. Na gaban ya tsaya a kan ruwan ya sha, ya ture jarkar. Bunsurun ya juya da sauri fiye da ƙarfinsa, ya yi 'yan taku ciki, ƙafar ta gaza ɗaukarsa, ya zube a jikin wani dutse. Karnukan suka wuce tsakanin ginshiƙan a guje.

Sabitu ya yar da bakan. Bai san sa'adda ya tsallake ba. Ya tsinci dutse ya sami na gaban a haƙarƙari, ya yi ƙara ya kauce. Na biyu ya riga ya kama bunsurun a ƙafar da ke ciwo, bunsurun ya kawo ƙaho ya watsar da shi. Sabitu ya yi ta jifa yana zaginsu da Hausar Ningi da ya daɗe bai yi ba. Rakan na jifa daga waje, yana kuskurewa. Karnukan suka ja baya suka hau gangaren, suka zauna a jere inda dutse ba ya kaiwa, harsuna a waje.

Sai ya ga kansa tsaye taku uku daga bunsurun.

Warinsa ya cika wurin, warin tsohon bunsuru da jini. Kibiyar ta shiga kusan rabi, wurin ya kumbura, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Inda karen ya kama, fata ta yage. Idon rawaya ne, yana kallon Sabitu ba ƙiftawa. Wuyan a miƙe yake a kan dutse, jijiyar na bugawa a ƙarƙashin gemu. Aikin ƙiftawar ido ne. Gwiwa a kan ƙaho, bisimilla, shi ke nan.

Ya ji sanyin ƙarfe a babban yatsansa. Ya duba. Wuƙar ta riga ta fito rabi daga kube, shi bai aiki hannun ba.

Ya tsaya yana kallon hannun. Da safe ma haka ya yi, ya tafi inda ya saba ba tare da ya tambaye shi ba, ga abin da ya jawo yana kwance. Can ƙasar halal ce. Nan kuwa ya san inda yake tsaye. Ya tura wuƙar ta koma, ya ji ta zauna. Ya ja da baya a hankali, fuska ga bunsurun, don kada ya tayar da shi, har bayansa ya wuce ginshiƙin. Ya kwance kuben daga ƙugu ya ajiye kusa da bakan, ya ɗora dutse a kai.

Rakan na tsugune, ya yi amai a gefen rafin. Ya ga raunin daga inda yake.

"Koma ka yanka shi," ya ce.

Sabitu ya karkaɗe ƙurar hannunsa.

"Da gaske nake. Ka ga ƙafar? Ka ji yadda yake numfashi? Koma ka yanka shi, Abu Kausar. Wallahi ba mai ji daga bakina. Ko Batulu."

"Ɗazu kai ne ka ce in fara da tumbinka."

"Ɗazu ban gani ba."

"Kakanka fa?"

"Kakana ya rasu. Allah ya ji ƙansa." Ya tofar da yawu. "Allah Gafurun ne. Sai mu yanka rago, mu tuba."

"Ba a shiga da niyyar tuba."

"To mu tafi. Halas, shi ke nan. Mun yi abin da za mu iya."

"Muna juya baya za su sauko. Da ransa za su fara cinsa, ta baya."

Rakan ya kalli karnukan. Ɗaya ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafu. Ba su da gaggawa.

La'asar ta yi, suka yi salla. Zafin ya fara sauka, inuwar tsauni ta rufe rabin kwazazzabon. Bunsurun bai sake yunƙurin tashi ba, amma kansa na sama. Sau biyu wani kare ya sauko gwaji, sau biyu Sabitu ya shiga hannu wofi ya mayar da shi da jifa, ya fito. Ya tara duwatsu a gindin ginshiƙin dama, masu cika hannu, ya jera su.

Rakan ya ga jerin duwatsun, ya gane.

"A'a," ya ce. "Ba zai yiwu ba. Idris ya ce motar sintiri na bi ta nan. Su same ka da baka a bakin haddi, ga wa'al da kibiya a jiki? Iƙamarka, takardar zamanka, ta tafi. Jirgi za su sa ka, ko sallama ba za ka yi da Kausar ba."

"Na sani."

"To bari in tafi da bakan."

"In ya fito fa? Da haƙori zan ƙarasa shi?"

"Zai iya kwana uku bai mutu ba."

"Zai iya."

"Ya akhi, dabba ce."

"Kibiyar da ke jikinsa ni na sa ta."

Rakan ya zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya ce zai zauna shi ma. Sabitu ya ce a'a, ruwan da ya rage ba zai ishi mutum biyu ba, kuma motar ce za a fara hangowa daga hanya. Wani ma ya kamata ya kunna wa mutanen benen injin ruwa kafin magariba. Ya faɗa masa inda makullin yake, da yadda ake bugun akwatin wutar da gefen hannu in ya ƙi tashi. Rakan na jin sa yana girgiza kai.

"Me zan ce wa Yaya Batulu?"

"Abin da ya faru. Kada ka gyara."

"Za ta ce ni na ja ka."

"Kai ka ja ni."

Rakan ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya tayar da injin, ya bar shi yana aiki, ƙafarsa har yanzu a ƙasa. Can sama wani kare ya miƙe ya yi miƙa, ya fara saukowa a karkace.

"Abu Kausar, shigo. Don Allah."

Sabitu ya sunkuya ya ɗaga masa ƙafar ya sa a cikin motar, ya tura ƙofar ta rufu. Ya yi magana ta gilashi.

"Ba zan kashe shi a ciki ba, ba kuma zan bar musu shi da rai ba. Ina nan har ya fito ko ya mutu."